Yadda ake gane kuben wuƙar bindiga na asali da na jabu

Yawancin masu fara tara tsofaffin kayan soja a Bauchi da Gombe labari suke saye, ba kube ba. Mai kaya ya ce, "Alhaji, wannan kakanmu ne ya dawo da shi daga Burma," shi ke nan sai a zaro kuɗi. Labarin yana iya zama gaskiya, don 'yan arewa da yawa sun yi yaƙin Burma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Amma a bar labarin sai ƙarshe, a fara da awo.

Ka tafi da tef ɗin tela a aljihu. Wuƙar Ingila samfurin 1907, wadda ake ɗaura wa bindigar Lee-Enfield, tsawon ruwanta inci 17 ne, kubenta kuma na fata ne mai ƙarfe a baki da ƙarfe a gindi. Samfurin 1888 inci 12 ne. Ta Lee-Enfield mai lamba 4, irin ta yaƙin duniya na biyu, tsinke ce kawai mai inci 8, kubenta bututun ƙarfe. Da wannan kaɗai za ka kama ƙarya da yawa. In aka miƙo maka dogon kube na 1907 aka ce a fagen Burmi aka tsince shi, ka mayar masa da abinsa cikin mutunci. An yi yaƙin Burmi, na Turawa da Sarkin Musulmi Attahiru, a 1903, lokacin ba a ma ƙirƙiro samfurin ba.

Mataki na biyu shi ne inda na fi ganin ana kayar da mutane, wato mahaɗa. Kube na fata sassa uku ne, kuma ba wuya a samu ƙarfen baki na gaske, ƙarfen gindi na gaske, fatar tsakiya kuwa bara aka ɗinka ta. Sabon shiga sai ya ga hatimi a ƙarfe ya ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Juya kuben ka dubi bayansa. Ɗinkin asali layi ɗaya ne miƙaƙƙe daga sama har ƙasa, tazarar zaren daidai wa daida, zaren ya nutse cikin fata ya yi duhu tare da ita. Fatar kuma ta saniya ce, mai kauri da tauri, in ka ƙwanƙwasa da farce za ka ji ta kamar ƙwarya. Dukawanmu gwanaye ne, amma fatar akuya mai laushi suka fi aiki da ita, sau da yawa su naɗe ta a kan ɗan katako ko kwali. Wannan gyara ne na mutunci, mai wuƙa ya yi don amfaninsa, sai dai kada a karɓi kuɗin na asali a kansa.

Yanzu ka kunna tocilan waya, ka haska daga gefe a daidai inda ƙarfe ya hau fata. Da 'yar waya aka ɗaure su, an soka ta an lanƙwasa. In ba a taɓa cire ta ba, za ka ga ta kwanta lif, launinta ɗaya da ƙarfen, datti ya cike gefenta ya daskare. In an taɓa, za ka ga ƙarcen filaya, ko ramin da ya faɗaɗa, ko waya mai ƙyalli, wani lokaci ma ƙusar takalmi ko busasshen gam. Tura ƙarfen kaɗan da babban yatsa. Tsohuwar fata takan janye ta bar siririn layi mai haske a bakin ƙarfe, inda rana ba ta taɓa ba. Sabuwa ba ta da wannan layi, ko da an shafe ta da baƙin mai. Ka sansana ma. Warin man takalmi ko na baƙin man inji, ni a wurina an gama ciniki.

Kada kuma ka yi saurin cewa jabu ne don wuƙa ta ƙi shiga har ƙarshe. Hunturun nan namu yana tsuke fata, kube na gaske yakan rage tsawo. Wanda ya shige sumul ba ko gogewa a bakinsa shi ya fi ba ni tsoro.

Sai hatimi. Na gwamnatin Ingila kan kibiya ne mai layi uku, tare da ɗan kambi da lambar mai dubawa, harafin E kuma na nufin masana'antar Enfield ta Ingila. Haruffan RFI na masana'antar Ishapore ne ta Indiya. In ka ga MANGROVITE a jikin fata, na Ostireliya ne. Da hannu aka buga su, saboda haka wani ya nutse, wani ya karkace, kuma tsufa ya shiga cikin ramin. Hatimin da gefensa ke da kaifi, cikinsa fari, an buga shi ne bayan tsatsa. Ita ma tsatsar, ta shekaru baƙa-baƙa ce mai ƙananan ramuka, wadda aka jawo da gishiri ko ruwan batir ja ce, tana bin yatsa. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya ya ishe ka, ba sai ka yi odar mai tsada ba.

Sauran ba su da wuya. Na Jamus na yaƙin duniya na biyu ƙarfe ne zalla, lambar bakin kube ta zo ɗaya da ta wuƙa, in ta saɓa an haɗa su ne daga baya, farashi ya sauka. Na AK ko ƙarfe mai rigar roba, ko roba mai tauri ruwan goro. Hatimin kibiya cikin kusurwa uku na masana'antar Izhevsk ne, tauraro kuma na Tula, duka a Rasha. Waɗannan dai ka yi hattara, yanzu ba lokacin yawo da su a mota ba ne, mai shingen hanya ba zai tsaya jin tarihi ba.

In ka saya, ka nisanta shi da sanfefa da man ja. Busasshen tsumma, ɗigon man keken ɗinki a ƙarfe kawai, sannan ka zare wuƙar ka ajiye su dabam, musamman da damina.