Hayaƙin tsohuwar tarakta: inda masu ita da makanikai suka fi yin kuskure

Da zarar watan Mayu ya kama, garejin Tawa, Ƙonni da Madawa sai su cika da tsofaffin taraktoci, kowa na so a gyara masa tasa kafin ruwan shuka. Da yawansu Massey Ferguson ne masu injin Perkins, har da MF 135 wadda aka daɗe da daina ƙerawa. Ƙorafin kusan ɗaya ne: "Maigida, tana hayaƙi." Tun ba a tambayi wane irin hayaƙi ba, an fara zancen sauke inji. To a nan kuɗi ke fara zurarewa, domin mafi yawan abin da ke sa tarakta hayaƙi ana gano shi ba tare da an kwance kan inji ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da sanyin safiya. Inji mai shan gazuwal zafin matsewar iska ne ke kunna masa mai, saboda haka in ya kwana a sanyin Disamba ko Janairu dole ya fara da farin hayaƙi na ɗan lokaci. Wannan ba ciwo ba ne. A bar ta ta yi zafi, a ɗaura mata garma ko tirela ta ja, sannan a duba. A lura da launi, a lura kuma da lokacin da yake fitowa: wajen tashi, a tsaye, ko sai ta ɗauki nauyi.

Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa. A ƙasar Adar, da ƙurar hunturu da ta gonar da ake kaftu a bushe, abin da za a fara zargi shi ne filtar iska. Amma sai ka ga yaron gareji ya tsallake ta, ya ɗauki sifana ya nufi famfon gazuwal. Famfon nan an daidaita shi ne a kan na'ura, an kuma ɗaure sukuron da ke iyakance mai da waya da darma don kada a taɓa. Wanda ya murɗa shi da ka, ya ƙara wa kansa matsala ta biyu bisa ta farko. Wasu direbobi ma da kansu suke cewa a buɗe mata mai don ta ƙara ƙarfi. Abin da suke samu shi ne baƙin hayaƙi, zafin inji da tanki mai saurin ƙarewa.

Tsofaffin Massey da yawa filtarsu ta iska mai kwanon baƙin mai ce a ƙasa. Ka ɓalle maƙallan, ka sauko da kwanon, ka sa yatsa: in ka ji laka mai kauri a gindi, ga mai laifi nan. A zubar, a wanke kwanon da ragar da gazuwal, a zuba sabon baƙin mai daidai layin da aka zana a jikinsa. Daidai layin, ba fiye ba. Wanda ya cika shi maƙil don "ya daɗe", inji zai zuƙe man ya ƙone, sai ga shuɗin hayaƙi, a ce ringin fistan ya mutu alhali lafiyarsa lau. Mai filtar takarda kuwa kada ya wanke ta da ruwa ko ya buga ta a jikin taya. A hura ta da iska a hankali daga ciki zuwa waje, in ta huje a canza. In filta na da tsabta hayaƙin bai tafi ba, a duba ko garmar ta fi ƙarfinta ko ana aiki da giya babba, sannan a je ga nozul, wato bakin da ke fesa gazuwal a cikin silinda.

Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi shi ne ya fi ruɗa mutane, don abu biyu ne masu kama da juna. Hanci da ido ke raba gardama. In yana yaji a ido, yana warin ɗanyen gazuwal, yana kuma daɗewa a iska, to mai ne bai ƙone ba: nozul na ɗiga, ko lokacin feshin famfo ya yi baya, ko fistan ya daina matse iska. In kuwa yana ɓacewa nan da nan kamar tururin tukunya, ruwa ne ke shiga. Sai a jira inji ya huce, a buɗe murfin lagireto, a tada ta a ga ko kumfa na tasowa, a zaro sandar gwajin mai a ga ko man ya koma fari-fari. Wannan aikin gasket ne na kan inji, ko tsagewa. Kafin a kai can, a leƙa kwalbar da ke ƙasan filtar gazuwal. Man da aka saya a bidon a bakin hanya sau da yawa da ruwa a ciki, kuma ruwan yana kwantawa a gindin kwalbar, ana ganinsa da ido.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a garejinmu: cire tamostat wai ƙasar nan da zafi. Tamostat na riƙe ruwa ne har inji ya kai wajen digiri 80. In an jefar da shi, inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, yana hayaƙi yana cin ringi. Taraktar da ke tafasa, lagiretonta za a wanke, a ɗaure bel ɗin fanka.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. In yana fitowa ne kawai wajen tashi ya ɗauke, an fi zargin hanyar bawul. In yana ƙaruwa da nauyi, a dubi tiyon numfashin inji da ke rataye a gefe: in yana bubbuga hayaƙi yana tofar da mai, lalle ringi ne, sai a shirya kuɗi. Taraktar da aka bari tana kaɗawa a tsaye awa da awanni, kamar masu jiran lodin albasa a Galmi, ita ma tana fara tsiyayar baƙin ruwa a salansa. Sau da yawa aiki mai nauyi na 'yan awoyi ke share shi. Zuba mai mai kauri don a ɓoye hayaƙi kuwa dabarar masu sayarwa ce, mai saye ya kula.

Don gano silindar da ke da laifi, a bar inji na kaɗawa a hankali, a sassauta noti na bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, da tsumma a rufe a kai. Wadda aka sassauta sautin inji bai canza ba, ita ce ba ta aiki. A cire nozul ɗin a kai wa mai na'urar gwaji. Kada kowa ya tara hannu a bakinsa don ganin feshi: ƙarfinsa ya haura bar 150 a ma'aunin matsi, yana huda fata, kuma in hakan ta faru asibiti za a nufa a take ko da raunin bai fi bakin allura ba.