Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen Lin da Exp a VCA

VCA, wato modul ɗin da ke ƙara ko rage ƙarfin sigina gwargwadon boltej, a sintesaiza mai moduloli yana amsa boltej ɗin da ke sarrafa shi, wato CV, ta hanya biyu, kuma a jikinsa ake rubuta Lin (miƙaƙƙiyar amsa) ko Exp (lanƙwasasshiyar amsa). A Lin, sigina yana bin boltej sau da ƙafa: rabin CV, rabin sigina. A Exp kuwa, kowane bolt ɗaya yana ƙara desibel (dB, ma'aunin ƙara) adadi guda. Kamfanin Doepfer ya raba su gida biyu, A-130 na Lin, A-131 na Exp, shi kuma Moog 902 makunni aka sa masa.

Kuskuren da ya fi yawa daga magana mai gaskiya ya samo asali. An ce kunne da desibel yake auna ƙara, sai mutum ya sa Exp a kan kowane sauti. Abin da aka manta shi ne ADSR na analog, wato enbelof, boltej ɗin da ke tsara tashi da saukar sauti, kafasita ce ke cika tana juyewa ta resista, don haka saukarsa dama a lanƙwashe take: ta faɗo da sauri, sannan ta ja wutsiya. Ka haɗa shi da Exp, lanƙwasa ta zama biyu. Sautin zai ce tak ya mutu, ka yi ta murɗa Decay da Release, masu tsawaita saukar, amma wutsiya ta ƙi fitowa. Gyaran shi ne lanƙwasa ɗaya tak a hanya: enbelof mai lanƙwasa da VCA a Lin, ko miƙaƙƙen enbelof da VCA a Exp. In duka biyun miƙaƙƙu ne, sautin zai daɗe da ƙarfinsa sannan ya yanke farat ɗaya, domin rabin boltej ragin 6 dB ne kawai, sauran faɗuwar duk a ƙarshe take taruwa. Mai neman gajeren bugun ganga ne kaɗai zai ci ribar ninkin lanƙwasa, shi ma da gangan.

Sai kukan cewa VCA ba shi da ƙara. A ɗauka Exp ɗinka yana shafe 60 dB cikin 5V, wato 12 dB a kowane bolt. Ka bar Sustain, matakin da enbelof ke tsayawa muddin an danne maɓalli, a tsakiya, 2.5V, sautin ya sauka da 30 dB, kusan ba a ji. Modul ɗin lafiyarsa ƙalau. Ɗaga Sustain, ko ka koma Lin.

Akasin haka ya fi muni. Enbelof ɗin A-140 na Doepfer yana kai 8V, na Maths na kamfanin Make Noise yana kai 10V. Idan VCA ɗin a 5V yake buɗewa gaba ɗaya, 8V a Lin zai ninka sigina sau 1.6, kimanin 4 dB. A misalinmu na Exp, rarar 3V tana neman ƙarin 36 dB, alhali wutar Eurorack, tsarin da waɗannan moduloli ke bi, ±12V ce, sai sautin ya daddatse ya yi ƙaiƙayi a kunne. Rufe mamurɗin CV, buɗe Sustain duka, danne maɓalli, sannan ka ɗaga a hankali har abin da ke fita ya yi daidai da wanda ke shiga.

Idan CV kake bi da shi ta VCA, kamar sarrafa zurfin LFO, wato boltej mai hawa da sauka a hankali, Lin za ka sa, kuma ka tabbata modul ɗin yana barin DC, wato tsayayyen boltej, ya wuce. Wanda ke da kafasita a mashiga zai haɗiye boltej mai tafiyar hawainiya. In kuma LFO ne ke buɗe VCA, ka tuna galibi rabin zagayensa ƙasa da sifili yake, VCA kuwa rufewa yake yi a can. Ɗaga mamurɗin Gain zuwa tsakiya tukuna.

Masu haɗa nasu VCA da IC (guntun lantarki) na 2164 suna tuntuɓe a wuri guda: shi Exp ne a asali, 33 mV a kowane dB, kuma ƙarin boltej rage ƙara yake yi, har kusan 100 dB a 3.3V. Dole ka juya CV da op-amp, wani IC mai ƙarfafa boltej, kafin ya shiga. In Lin kake so, sai ka sadaukar da ɗaya daga cikin VCA huɗun da ke cikinsa a hanyar da ke mayar da fitar op-amp ɗin mashigarsa, ya miƙar da ɗan'uwansa.