Darasi na 6: Tsara Lokaci da Burin da Za Ku Iya Cimmawa

Iyayena da 'yan'uwana, ku buɗe sabon shafi a littafinku. Da fensir za mu yi aiki, ba biro ba, don za a yi goge-goge. Ku fara daga layin sama, ɓangaren hagu, domin boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, ba kamar rubutun allo ba.

Mataki na 1: Rubuta buri

Buri ɗaya za ku rubuta, ba uku ba. Kuma kamar murhu yake, duwatsu uku ke riƙe shi: mene ne abin, nawa ne, wace rana za a gama.

"Ina so in samu kuɗi" fata ne kawai. Ga buri: "Zan tara Naira 15,000 a kwana 30, zuwa 30 ga wata, in ƙara jarin ƙosai." Ku raba 15,000 gida 30, kun ga Naira 500 ke nan kullum. In cinikinku ba zai ɗauki 500 ba, ku mayar da shi 300, ku tara 9,000. Babu abin kunya a nan.

Yanzu ku ɗora yatsa a kan abin da kuka rubuta. Ina adadin? Ina ranar? Nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe, don haka kada ku damu in kun rasa, a goge a sake. "Kwanan nan" ba rana ba ce. "In an kwana biyu" ba rana ba ce. "Bayan Sallah" ma ba ta isa ba, ƙarama ko babba? Ku rubuta in sha Allahu, wannan daidai ne, amma ku sa ranar a gabansa, da lamba: 30 ga wata. Ku sake ɗora yatsa. Adadi. Rana. Madalla da waɗanda suka samu.

Amma fa wasunku duk mako sai su kawo littafi babu rana, su ce ai tana cikin kai. Da kai yana riƙewa, da me ya kawo mu aji? Ku koma ku rubuta ta.

Mataki na 2: Raba yini

Ba sai da agogo ba, lokutan salla sun riga sun raba muku yini. Ku jera ranaku bakwai daga sama zuwa ƙasa, Asabar zuwa Juma'a. A sama ku ja gida huɗu: bayan Asuba, hantsi, bayan La'asar, bayan Isha'i. Ku fara sa abin da ba ya ɗaguwa, kamar gona, girki da ranar kasuwa, sannan ku ba burinku gida ɗaya kullum. Kada ku cike gidajen duka. Suna, jana'iza ko baƙo za su zo ba sallama, su rushe muku makon. Manomi ya yi wa damina nata tsarin daban da na rani.

Mataki na 3: Dubawa

Kafin ku kwanta, ku sa maki a ranar da kuka cika, ku sa sifiri a wadda kuka tsallake. Sifiri uku a jere na nufin burin ya yi nauyi, ku rage adadin.

Mataki na 4

Ranar Juma'a ku ƙirga makin. Ku zo aji da littafin, da rana a rubuce.