Iyaye mata, a gwada kwantar da yara da wuri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar dabara ce ta rage min hayaniya a gida, na ce bari in kawo muku.

A da yarana biyu sai wajen ƙarfe 11 suke barci. Da safe kuka, ni kuma faɗa har murya ta dushe. Ashe barcin ne bai ishe su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 cikin awa 24, har da na rana.

Yanzu kafin magariba an yi wanka, an ci tuwo. Ana idar da isha'i sai in karɓe waya, in kashe fitila, in yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ɗaya tak. Makon farko an sha daru, ƙaramin har birgima yake yi a ƙasa. Ki daure, kada ki janye.

Sauran daren naki ne, don Allah kada ki ɗauko wanki! Ki haɗa kayan makarantar gobe, ki zauna ki sha shayinki da zafinsa. Babansu kuwa shi na bar wa addu'ar barci, tunda ba ni kaɗai na haife su ba.