Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Mujallar Shonen Jump ta Turanci

Duk wanda ya ƙuduri aniyar binciken tarihin Shonen Jump, mujallar nan da ta shafe fiye da shekara tara tana kawo wa masu karatu a Amurka labaran zane na Japan, waɗanda ake kira manga, cikin harshen Turanci, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya tantance wace mujalla yake nufi, domin sunan ya hau kan abubuwa da dama. Akwai uwar gayyar, wato Weekly Shonen Jump, wadda kamfanin Shueisha ya fara bugawa a Japan a 1968, kuma har gobe tana fitowa mako-mako. A lokacin da take ganiyarta, a tsakiyar shekarun 1990, an taɓa buga kwafi miliyan 6.53 na fitowa guda. Akwai ta Amurka, ta takarda, wadda kamfanin Viz na birnin San Faransisko ya riƙa fitarwa wata-wata. Akwai kuma magajiyarta ta intanet, wadda ita ma ta sauya suna da tsari. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki alƙaluman wannan a jingina wa waccan, don haka yana da kyau mai bincike ya ware wa kowace nata shafi a littafin da yake tara bayanai tun daga ranar farko.

Bayan haka sai a nemi sanin dangantakar kamfanonin, wadda ba ta da tsawo. Seiji Horibuchi ne ya kafa Viz a 1986 da goyon bayan kamfanin ɗab'i na Shogakukan, kuma a 2002 Shueisha ya sayi hannun jari a cikinsa. Wannan cinikin ya ƙara ƙulla alaƙar Viz da Shueisha, kuma a ƙarshen wannan shekarar ne mujallar ta fito.

A nan ne mai bincike zai fara cin karo da matsalar kwanan wata. Fitowar farko ta shiga kasuwa a watan Nuwamba na 2002, amma abin da aka buga a bangonta shi ne Janairu 2003, saboda al'adar mujallun Amurka ce su sa watan da ke gaba domin kada mai shago ya yi saurin kwashe su daga kanta. Haka abin yake a ƙarshe, inda fitowar da ke ɗauke da Afrilu 2012 ta riga watan nata isa hannun mutane. Saboda haka idan an ga wani ya ce mujallar ta fara a 2002, wani kuma ya ce a 2003, ba lallai ne a ce ɗayansu ya yi kuskure ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja layi biyu a jadawali, ɗaya na watan da ke bango, ɗaya na lokacin da ta fita, kuma duk inda za a ambaci kwanan wata a rubutu a faɗi wanne ake nufi.

Daga nan sai a koma kan shafin abubuwan da ke ciki, wanda a ganina shi ne shafi mafi amfani a kowace fitowa. A rubuta sunan kowane labari, da lambar babin da aka buga, da adadin shafukan da aka ba shi, da kuma wanda ya samu bango. Fitowar farko, wadda aka sayar a kan dala 4.95, ta ƙunshi labarai biyar: Dragon Ball Z da Sand Land na Akira Toriyama, sai Yu-Gi-Oh!, da YuYu Hakusho, da One Piece. Naruto ya shigo ne a fitowa ta biyu, Shaman King kuma a ta uku. Wanda ya dubi wannan jerin da kyau zai gane cewa ba a kan iska aka zaɓe shi ba, domin yaran Amurka sun riga sun san Dragon Ball Z da Yu-Gi-Oh! daga talabijin, kuma da su aka janyo mai saye domin ya haɗu da sababbin da bai taɓa ji ba. Idan aka ci gaba da cike jadawalin wata bayan wata, za a ga yadda nauyin ya riƙa komawa kan Naruto, musamman bayan da tashar Cartoon Network ta fara nuna shirinsa a 2005, da yadda Bleach ya samu gurbi a 2007. Shekara tara ta irin wannan jadawali aiki ne mai cin rai, amma babu wata taƙaitawa da za ta maye gurbinsa.

Kafin a ajiye kwafin da ke hannu, a juya shi a lura da ɓangaren da ake buɗe shi. Shonen Jump daga dama zuwa hagu ake karanta ta, kamar littafin Larabci, kuma wanda ya buɗe ta ta ɓangaren da ya saba buɗe mujallar Turanci zai tarar da shafin da ke sanar da shi cewa ya faro daga ƙarshe, tare da zanen da ke nuna masa yadda zai bi akwatunan hoto. Wannan shafin shaida ce ta tarihi. Kafin wancan lokaci, yawancin masu fassara manga a Amurka juya shafin suke yi kamar a madubi domin ya dace da karatun hagu zuwa dama, sai jarumin da ke riƙe takobi da dama ya zama bahago, motoci su koma ɗaya gefen titi, rubutun jikin riga kuma sai an sake zana shi. A 2002 kamfanin Tokyopop ya fara fitar da littattafansa ba tare da juyawa ba, Shonen Jump kuma ta kai wannan tsarin kantunan jarida da manyan shaguna, inda yaron da bai taɓa shiga shagon littattafan zane ba zai gan ta. Sai dai kalmomin da ke kwaikwayon sauti, irin ƙarar naushi ko fashewa, waɗanda a asali zana su ake yi cikin hoton da haruffan Japan, Viz ya riƙa goge su yana zana na Turanci a gurbinsu.

Yanzu sai babban aikin, wanda shi ne lissafin tazara. A ɗauki babi ɗaya daga kowace fitowa, a nemo lokacin da ya fito a Japan, a rubuta yawan watannin da ke tsakani. An fara One Piece a Japan a 1997, Naruto kuma a 1999, wato tun ranar da mujallar Amurka ta buɗe ido tana bayan uwarta da shekaru. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne cewa a Japan kusan kowane mako sai an samu sabon babi, alhali mujallar wata-wata, wadda ke raba shafukanta tsakanin labarai da yawa, ba kasafai take iya bai wa kowane labari babi huɗu ba. Ke nan maimakon tazarar ta ragu, ƙaruwa take yi. A wannan giɓin ne masu fassarar sa-kai suka samu wurin zama, suna ɗaukar hoton shafukan Japan, su fassara, su watsa a intanet ba da izini ba cikin 'yan kwanaki, har ya zama mai biyan kuɗi shi ne na ƙarshen jin labari.

Da wannan lissafi a hannu, matakan da Viz ya ɗauka za su daina zama abubuwan da ba su da alaƙa da juna. A watanni huɗu na ƙarshen 2007 kamfanin ya fitar da juzu'i 12 na Naruto, wato littattafan da ke tattara babi-babi wuri guda, uku a kowane wata, sa'an nan mujallar ta tsallaka zuwa kashi na biyu na labarin. A farkon rabin 2010 aka yi wa One Piece irin wannan, juzu'i 30 cikin wata shida. Mai bincike ya yi hattara a waɗannan wuraren, domin lambobin babi za su yi tsalle a jadawalinsa, kada ya zaci wata fitowa ce ta ɓace masa. A ƙarshen Janairu 2012 aka ƙaddamar da Weekly Shonen Jump Alpha a intanet, tana bin Japan da tazarar mako biyu kacal, kuma a Janairu 2013 aka cire kalmar Alpha daga sunan, babi ya koma fitowa rana ɗaya da Japan. Ni dai ina ganin wannan tseren rage tazara ya fi komai bayyana dalilin da ya sa takarda ta kau, fiye ma da tsadar ɗab'i.

Wani aikin da ke buƙatar natsuwa shi ne kwatanta bugu da bugu. An yi mujallar ne domin matasa masu shekara 13 zuwa sama, saboda haka akan gyara wasu hotuna da kalamai, kuma abin da ke mujalla ba koyaushe yake daidai da abin da ya fito a juzu'i daga baya ba. Misali mafi sauƙin gani shi ne mai takobin nan na One Piece, wanda fitowar farko-farko ta kira shi Zoro, daga baya aka mayar da shi Zolo domin ya dace da shirin talabijin da aka fassara. Idan za a rubuta cewa an canza wani abu, to a ajiye shafukan biyu gefe da gefe a gani da ido, a kuma rubuta lambar shafi da na fitowa, domin jita-jitar masoya a kan wannan batu ta fi gaskiyar yawa.

Game da samun kwafin kansu, ɗakunan karatu da masu sayar da tsofaffin mujallu su ne madogara. A tambayi mai sayarwa ko katin kyauta yana nan, domin mujallar ta sha zuwa da katin wasan Yu-Gi-Oh! a ciki, tun daga fitowar farko, kuma sau da yawa shi ake fara cirewa. Katin yana da muhimmanci ko ga wanda bai damu da wasan ba, saboda yana shafar yadda za a fahimci alƙaluman ciniki: an ce fitowar farko ta haura kwafi 300,000, amma wasu sun saya ne domin katin, kuma fitowar da ta zo da kati mai farin jini ba ma'auni ba ce ga sauran watanni. Haka nan kada a tsallake tallace-tallace da wasiƙun masu karatu da ɗan darasin harshen Japan da akan saka, domin su ne ke nuna wanda kamfanin yake zaton yana karantawa.

Ya kamata kuma a ɗan leƙa maƙwabta. Raijin Comics ta fito kusan lokaci ɗaya, a ƙarshen 2002, ta gwada fitowa mako-mako kamar yadda ake yi a Japan, ta koma wata-wata, ta tsaya a 2004, kuma Slam Dunk da ta fara bugawa daga baya ya koma hannun Viz. Shojo Beat, ƙanwar Shonen Jump da aka yi domin 'yan mata, ta rayu daga 2005 zuwa 2009. A 2011 kuma kamfanin Borders, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da manga a Amurka, ya durƙushe, shekara guda kafin takardar Shonen Jump ta tsaya.

Abin da ya rage shi ne yanke shawarar inda tarihin zai tsaya. Wanda takarda ce abin bincikensa zai rufe jadawalinsa a fitowar Afrilu 2012. Wanda kuma yake bin mujallar a matsayin tarin labarai masu fitowa tare zai ci gaba har Disamba 2018, lokacin da Viz ya daina haɗa fitowar mako-mako, ya koma sakin sababbin babi ɗaiɗai kyauta, tare da buɗe rumbun tsofaffin ga mai biyan dala 1.99 a wata.