Yadda Ake Tunkarar Karatun Lissafin Kwarara da Ƙonewa a Digiri na Biyu da na Uku

Duk wanda ya saba girki da murhun gas ya san cewa shuɗiyar wuta tana barin gindin tukunya fes, rawaya kuma tana shafa mata baƙi, kuma bambancin bai wuce yadda iska ta gauraya da gas ba. Fannin da injiniyoyi ke kira CFD, wato lissafin kwararar ruwa da iska a kwamfuta, idan aka haɗa shi da ilimin ƙonewa, aikinsa shi ne ya hango irin wannan tun kafin a ƙera injin jirgin sama ko tukunyar tashar lantarki.

Ka fara da lissafi kafin manhaja. Tushen fannin shi ne ƙa'idojin lissafin kwarara da masanin lissafi Navier ya kawo a 1822, Stokes kuma ya kammala su a 1845, waɗanda har yau ba a tabbatar da cewa suna da lafiyayyar amsa a kowane hali ba, shi ya sa cibiyar Clay ta Amurka ta sa ladan dala miliyan 1 a kansu a shekarar 2000. Saboda haka ake yanka wurin da ake nazari zuwa ƙananan akwatuna masu kama da raga, kwamfuta ta riƙa ƙiyasta abin da ke shiga da fita a kowane akwati. A zangon farko ka zauna ka rubuta naka ɗan shirin da harshen kwamfuta na Python, ko da na yaɗuwar zafi a sandar ƙarfe ne, sannan ka tsawaita takun lokaci, wato tazarar lokacin da lissafin ke tsallakawa a kowane mataki, da gangan har lambobin su haukace. Wanda ya ga hakan da idonsa ba zai manta da sharaɗin Courant da abokansa na 1928 ba, wanda ya ce a irin wannan lissafi na kai tsaye kada kwarara ta tsallake fiye da akwati guda a taku guda.

Bayan haka sai ka koma kan manyan manhajojin wannan aiki. ANSYS Fluent na kuɗi ne, yawanci jami'a ke biyan lasisinsa. OpenFOAM kyauta ne, da C++ aka rubuta shi, kuma zai tilasta maka koyon Linux, abin da ba makawa sai ka iya shi, domin manyan kwamfutocin bincike da shi suke aiki.

Inda ɗalibai suka fi shan wuya shi ne mahaɗar hargitsin kwarara da sinadarin wuta. Tsarin GRI-Mech 3.0, wanda ake bayyana ƙonewar iskar gas ta ƙasa da shi, yana da nau'o'in sinadarai 53 da matakan haɗuwa 325, wasu suna ƙarewa kafin ƙiftawar ido, wasu kuma suna jan ƙafa. Ka ninka wannan da akwatuna miliyan ɗaya, sai ka gane dalilin da ya sa ake taƙaita tsarin ko a tanadi amsoshinsa a jadawali tun da wuri. Kafin ka kai nan, ka buɗe Cantera, manhajar lissafin sinadarin wuta wadda ita ma kyauta ce, ka lissafa wuta mafi sauƙi: iskar gas ta ƙasa da iskar sarari a daidai ma'aunin da za su ƙone ba saura, ba tare da asarar zafi ba. Ya kamata ka samu zafin da ya kusa digiri 1,950 a ma'aunin Salshiyas, da gudun harshen wuta wajen santimita 37 a daƙiƙa. Ka riƙe waɗannan lambobi a ka, domin ranar da ka bar kwamfuta tana aiki ka kwana, ka dawo da safe ka tarar da kyakkyawan hoto mai ja da shuɗi yana nuna digiri 4,000, su ne za su gaya maka cewa aikin ya ɓaci tun cikin dare.

A ganina wannan ne ginshiƙin karatun, kuma shi ne abin da ɗoki ke sa a tsallake. Manhaja ba ta ƙin fitar da hoto, ko da kuwa an ba ta shirme. Don haka ka maimaita kowane lissafi da raga mafi ƙanƙantar ido, aƙalla sau uku, har ka ga amsar ta daina motsi, sannan ka gwada ta da awon da aka yi a zahiri. Wutar da ake kira Flame D, wadda aka auna a ɗakunan binciken Sandia da ke Kalifoniya, ita ce zakaran gwajin dafi a wannan fanni, kuma bayananta a buɗe suke. Akwai manyan hanyoyi uku na lissafa hargitsin kwarara: hanyar RANS, mai ɗaukar matsakaicin hargitsi, za ta iya tafiya a kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya. LES, mai bin manyan juye-juye kaɗai tana ƙiyasta ƙananan, tana bukatar ɗaruruwan ƙwaƙwalen kwamfuta. DNS kuwa, mai bin kowane ɗan juyi, tsadarta tana ninkuwa kusan sau takwas duk lokacin da lambar Reynolds, wadda ke nuna yadda kwarara ke karkata ga hargitsi, ta ninka sau biyu.

Wajen zaɓen makaranta, ka fi duba malamin da zai kula da kundinka fiye da sunan jami'ar. Ka karanta takardunsa uku na baya-bayan nan, ka tambaye shi a wasiƙarka ta farko ko rukuninsa yana da sa'o'i a babbar kwamfuta, kuma wa ke yi musu awo. Jami'ar RWTH ta Aachen a Jamus, da cibiyar CERFACS ta Tulus a Faransa, da jami'ar KAUST ta Saudiyya duk sun yi suna a binciken ƙonewa, kuma yanzu hankalin masu bincike ya karkata ga ƙona haidirojin da amoniya a matsayin makamashi. Ɗan Nijeriya zai iya neman tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin tarayya, ko na DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus. Kafin amsa ta zo, laccocin makarantar bazara ta ƙonewa da jami'ar Princeton ke shiryawa suna nan a YouTube, sai ka sauke su lokacin da data ta samu, ka bi su da biro da takarda.