Yadda manajan otal zai sa sassa su riƙa jin juna

Wata rana da misalin ƙarfe 2, wani baƙo ya zauna a falonmu da jakunkunansa har minti 40 yana jiran ɗaki. Ɗakin kuwa an gyara shi tun 12:30, an shimfiɗa zanin gado, an jera tawul. Wadda ta gyara ta wuce ɗaki na gaba, ba wanda ya sanar da masu karɓar baƙi, kwamfuta kuma tana nuna ɗakin da datti. Mutumin bai ɗaga murya ba, amma bai sake dawowa ba. Ni ne manaja a ranar, kuma laifin nawa ne, don ban taɓa tsara wa zai gaya wa wa ba.

Idan kai ne ke riƙe da otal, fara da sa'o'in da ke tsakanin fitar baƙi da shigowar sababbi. A yawancin otal-otal ana sallama da 11 ko 12, a fara ba da ɗaki da 2 ko 3. A wannan ɗan tsakanin ne ake cin riba ko a tafka asara. Tun da safe masu karɓar baƙi su miƙa wa masu gyaran ɗaki jerin waɗanda za su fita da waɗanda za su iso da wuri, domin a san ɗakin da za a fara da shi. Gyaran ɗakin da aka bari yakan ci wajen rabin awa, saboda haka tsarin jerin ba ƙaramin abu ba ne. Da an gama, a sanar nan take, kuma mutum ɗaya tak ka ɗora wa alhakin sauya matsayin ɗakin a kwamfuta. Aikin da aka ce na kowa ne, a ƙarshe ba mai yin sa.

Sai ka kafa ɗan taron tsaye kullum kafin a kama aiki. Otal-otal na Ritz-Carlton sun shahara da wannan, minti 15 a farkon kowane canjin aiki. Naka ya haɗa shugaban kicin, na gyaran ɗaki, mai gyaran wuta da famfo, da na resafshan. Ɗakuna nawa aka kama? Akwai ayarin da ke tafe? Wane ɗaki ne ya lalace? Kicin da bai san mutum 30 za su sauka ba, da safe zai ji kunya, kai ma ka ji.

Littafin miƙa aiki kuwa, kada ka raina shi. Na ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga kwana uku, baƙi uku sun yi ƙorafi, kowa ya faɗa da baki ga wanda ya tashi aiki ya tafi da maganar gida. Yanzu duk ƙorafi sai an rubuta lambar ɗaki, lokaci da sunan wanda zai gyara, mai karɓar aiki ya karanta ya sa hannu.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sakin iko. Ma'aikacin dare da ba zai iya sauya wa baƙo ɗaki ba sai ya tashe ka daga barci, ka ɗaure masa hannu ne. Faɗa masa iyakar abin da zai yanke da kansa, in ya yi kuskure ka gyara masa a keɓe, ba a gaban baƙo ba.

Kowane mako ka raba kuɗin da ɗakuna suka kawo da adadin duk ɗakunan otal ɗin, har da waɗanda ba a kwana a ciki ba. Idan ɗakunanka 80 ne, huɗu suna rufe suna jiran gyara, kashi 5 cikin 100 na hajarka ke nan ba ta kasuwa, kuma daren da ya wuce ba a sayar da shi gobe. Nuna wa mai gyaran famfo wannan lissafin da idonsa.